Amsoshin Tambayoyinku: Yaƙin Kwana Biyar Tsakanin Mali da Burkina Faso

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yawancin wasiƙun wannan mako a kan magana ɗaya suka taru, don haka muka ware mata filin gaba ɗayansa. Tun da Mali da Burkina Faso da Nijar suka ƙulla ƙawancensu na Sahel ake ta rubuto mana ana tambaya ko gaskiya ne biyu daga cikin waɗannan ƙasashe sun taɓa ɗaukar makami a kan juna. Gaskiya ne, har sau biyu ma.

Wasiƙar farko daga Maraɗi ta fito, daga wani malamin makarantar firamare. Ya ce: "Ina jin dattawa suna maganar yaƙin Kirsimeti tsakanin Mali da Burkina. Yaushe aka yi shi, kuma a kan me?"

Malam, mun gode, Allah ya ƙara basira. An yi wannan yaƙi daga ranar 25 zuwa 30 ga Disamba, 1985. Da safiyar Kirsimeti ya ɓarke, shi ya sa sunan ya bi shi. Janar Moussa Traoré ne ke mulkin Mali, tun 1968 da ya kifar da Modibo Keïta. A Wagadugu kuwa Kyaftin Thomas Sankara ne, yana da shekara 36 a duniya, shekara biyu da 'yan watanni a kan mulki.

Abin da ake jayayya a kansa wani zirin ƙasa ne da ake kira Agacher, mai tsawon kimanin kilomita 160, arewa da garuruwan Jibo da Gorom-Gorom, ya miƙa gabas har kusa da iyakar Nijar. Duk wanda ya san ƙasar Tera ko Ayoru ya san irin wurin: rairayi, ƙaya, duwatsu nan da can, damina gajeriya. Abin da ya ba shi daraja kogin Beli ne. Kogi ne na damina. Da zarar rani ya kankama sai ya tsittsinke ya zama tafkuna a jere, kuma waɗannan tafkuna su ne mashayar Fulani da Buzaye da Bella na yankin gaba ɗaya. Makiyayi zai sauko da garkensa bayan kaka, ya kafa ruga a bakin tafki, ruwan na ja baya yana bin sa. In ya ƙafe ya tona gindin kogin ya sami abin da zai shayar da maruƙa, in wannan ma ya gaza ya naɗe kaya ya matsa tafki na gaba. A cikin shekara ɗaya zai iya tsallaka abin da ake kira iyaka sau da dama bai sani ba, don babu abin da ke nuna ta a ƙasa. Ta ɓangaren yamma kuwa ƙauyukan manoman gero ne.

To me ya sa ba a san inda iyakar take ba? Sai mun koma zamanin Faransa. A 1919 ta ƙirƙiri yankin mulkin mallaka mai suna Haute-Volta, wato Burkina ta yau. A 1932 ta rushe shi ta raba uku: wani kaso ga Kwadebuwa, wani ga Sudan ta Faransa wadda ita ce Mali ta yanzu, wani kuma ga Nijar. Malam, gundumar Dori ma a ƙarƙashin Nijar ta zauna a waɗannan shekarun. A 1947 aka sake haɗa Volta aka ce ta koma kan iyakokinta na da. Amma duk wannan kai-komo a wurin Bafaranshe sha'anin cikin gida ne, tunda gwamna janar ɗaya ke Dakar yana mulkin kowa. Kwamandan gunduma abin da ya dame shi shi ne wane hakimi ke tara masa haraji, wane arɗo ke kawo jangali. Babu wanda ya ga dalilin zuwa jeji ya kafa duwatsun iyaka. Da aka sami 'yancin kai a 1960, layin da a da yake raba ofis da ofis ya wayi gari yana raba ƙasa da ƙasa, kowace da tutarta da sojanta, kuma takardun da aka bari ba su yi daidai da juna ba.

Karon farko da aka yi harbi shi ne ƙarshen Nuwamba da cikin Disamba na 1974, lokacin Janar Sangoulé Lamizana na mulkin Volta. Arangama ce ta 'yan kwanaki a bakin iyaka. A cikinta ne wani matashin hafsa ya fara yin suna a ƙasarsu, kuma ba kowa ba ne illa Sankara. Maƙwabta suka shiga tsakani, cikinsu har da Seyni Kountché na Nijar wanda bai cika shekara a kan mulki ba, da Eyadéma na Togo. Aka zauna a Lome, sannan a watan Yuli na 1975 Sékou Touré na Gini ya tara shugabannin biyu a Konakiri. A Gini har yau ana ba da labarin yadda shahararren mawaƙin nan Sory Kandia Kouyaté ya tsaya gabansu ya wasa kakanninsu, ya tuna masu zumuncin da ke tsakani, har suka tashi suka rungumi juna. Wuta ta lafa. Amma ba a ja layin ba, kuma wannan shi ne aikin da ya kamata a yi a lokacin da zukata suka yi sanyi.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba ce mai karatun tarihi a Kano. Ta ce: "An koya mana cewa ƙidayar jama'a ce ta haddasa yaƙin 1985. Ta yaya ƙirga mutane zai kai ƙasashe biyu ga yaƙi?"

'Yar'uwa, tambayarki ta yi kyau ƙwarai, kuma ina so ki riƙe wannan shakka taki, don tana kan hanya.

Ƙidayar ta faru. A watan Disamba na 1985 Burkina ta yi ƙidayar ƙasa baki ɗaya, malaman ƙidaya suka shiga wasu ƙauyuka da rugage na yankin da ake jayayya, cikinsu har da Diyuluna. Ki duba abin da wannan ke nufi. Malamin ƙidaya ya zauna a zauren mai gari da rajistarsa, ya rubuta sunan maigida, matansa, 'ya'yansa. Duk sunan da ya shiga wannan rajista ya zama shaida cewa mutumin ɗan Burkina ne, ƙauyen kuma ƙasar Burkina. Ga shi kuwa shari'a tana gaban kotu, inda kowace takarda za ta iya zama hujja. Mali ta ce an shigo mata ƙasa har da rakiyar soja. Burkina ta ce sai da aka ci zarafin ma'aikatanta ta tura masu kariya. Kowane ɓangare da nasa labarin.

Sai dai ga abin da ya sa nake ganin ƙidayar ba ta isa dalili ba. Tun ranar 16 ga Satumba, 1983, ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar kai maganar Kotun Duniya da ke birnin Heg. Sankara bai fi wata ɗaya da rabi da hawa mulki ba a lokacin. A wannan shekarar ce kuma ya janye ƙin amincewar da Volta ta daɗe tana yi wa Mali na komawa cikin kuɗin sefa, wanda ta fita tun 1962, har Mali ta samu ta dawo a 1984. A watan Afrilu na 1985 aka naɗa alƙalan da za su saurari ƙarar. Wato ranar da aka fara harbi, alƙalai suna zaune, lauyoyi suna shirya takardu, kuma ɓangarorin biyu sun riga sun yi alkawarin bin hukunci. Wanda ke da ƙorafi a kan malaman ƙidaya yana da inda zai kai shi.

Abin da ya lalace tsakanin 1983 da 1985 dangantakar shugabannin ce. Traoré tsohon soja ne da ya shekara 17 a kan kujera, tattalin arzikinsa ya durƙushe, ana bin gwamnati bashin albashi, ɗalibai da ma'aikata na guna-guni. Ga wani matashi a maƙwabta ya sayar da manyan motocin gwamnati, yana gurfanar da tsofaffin jami'ai gaban kotunan jama'a ana watsawa a rediyo, matasan Bamako kuma suna saurare. Aka zo aka yi badaƙalar kuɗi a ƙungiyar tattalin arziki ta CEAO mai hedikwata a Wagadugu, Sankara ya kama manyan mutane, daga baya ya kori babban sakataren ƙungiyar wanda ɗan Mali ne. A watan Satumba na 1985 kuma ya fito fili ya nuna cewa juyin juya halin Burkina a shirye yake ya taimaki talakawan Mali. Duk shugaban da ya ji maƙwabcinsa ya faɗi haka ya san inda aka dosa.

Ki kuma lura da inda aka yi faɗan. Ba a Agacher kaɗai ya tsaya ba. An gwabza har a kan iyakar da ke tsakanin Bobo-Julaso da Sikaso, ɗaruruwan kilomita daga tafkunan da aka ce saboda su ake yi. Gwamnatin Burkina ta yi zargin cewa manufar ita ce a kifar da Sankara. Ni dai a nawa ganin, babban alhaki yana wuyan wanda ya fara tura tankoki da jiragen yaƙi alhali shari'a na gaban alƙali, kuma Traoré ne ya yi hakan. Amma ba zan wanke Sankara tas ba, duk da ƙaunar da muke yi masa. Shugaban ƙasa da ya san sojansa ba su kai na maƙwabcinsa ba, ya kuma san akwai ƙauyuka da kasuwanni a bakin iyaka, ya kamata ya auna kalamansa.

Wani dattijo, tsohon soja daga Damagaram, ya rubuto a taƙaice: "Wa ya ci yaƙin?"

Baba, Allah ya ƙara lafiya. A fagen daga Mali ce ta fi ƙarfi, babu tantama. Tana da tankoki da jiragen yaƙi samfurin MiG da ta samu daga Tarayyar Sobiyet, Burkina kuwa rundunarta ƙarama ce, sai ta dogara da 'yan kwamitocin kare juyin juya hali, waɗanda yawancinsu farar hula ne da aka ba bindiga. Sojojin Mali sun mamaye yawancin zirin cikin kwanakin farko. Jiragensu sun yi ruwan bama-bamai a Jibo da Wahiguya, kuma a Wahiguya bam ya faɗa kasuwa, ya kashe masu saye da sayarwa da ba su san hawa ba su san sauka ba. Burkina ta rama da hari ta sama a Sikaso, ta kuma yi ƙoƙarin mayar da martani ta ƙasa, inda Blaise Compaoré, na hannun daman Sankara a lokacin, na cikin masu jagorantar dakarun. Mutane fiye da 100 suka rasa rayukansu cikin kwana biyar, mafi yawansu 'yan Burkina.

Amma Baba, kai ka fi mu sanin cewa riƙe ƙasa daban, mallakarta daban. Kafin wata guda ya cika, a taron Yamusukro na tsakiyar Janairun 1986, Traoré da Sankara suka haɗu suka amince kowa ya janye sojansa zuwa inda yake kafin faɗan. Aka yi musayar fursunoni. Taku ɗaya na ƙasar da aka kama da bindiga bai shiga lissafin alƙalai ba.

Daga unguwar Zango a Kumasi wani ɗan kasuwa yake tambaya: "Ina Najeriya da Nijar suke lokacin da ake wannan faɗa? Sun zuba ido ne?"

Alhaji, ba su zuba ido ba. Libiya ce ta fara yunƙurin tsagaita wuta tun kwana na biyu, bai yi nasara ba. Sai Najeriya, wadda Janar Ibrahim Babangida bai fi wata huɗu da karɓar mulkinta ba, ta haɗa hannu da Libiya aka sake gwadawa. Wadda ta zauna daga ƙarshe ita ce ta ranar 30 ga Disamba, ƙarƙashin ANAD, wata yarjejeniyar hana kai wa juna hari da ƙasashen yankin renon Faransa suka ƙulla a 1977. Nijar mamba ce a cikinta, tare da Kwadebuwa da Senegal da Muritaniya da Togo da su masu faɗan kansu. Kountché kuwa tun rikicin 1974 yake cikin masu sulhun, kuma yana da dalili: ƙarshen zirin nan a ƙofar gidansa yake, ruwan Beli ma Nijar yake gangarowa ya shiga Gorowol kafin ya faɗa kogin Kwara.

Abin da ya burge ni a nan shi ne saurin. Cikin kwana biyar maƙwabta suka taru suka kashe wutar, ba tare da jiran wani daga Turai ko Majalisar Ɗinkin Duniya ba.

Wata Hajiya daga Kaduna ta ce: "Na ji an ce ƙasar cike take da arzikin ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa suka yi faɗa. An haƙo shi kuwa?"

Hajiya, an daɗe ana raɗe-raɗin akwai iskar gas da ma'adinai a wurin, kuma wannan zato ya ƙara wa kowa taurin kai. Wanda aka tabbatar shi ne manganis na Tambawo, a lardin Udalan na Burkina, kusa da iyakar. Saboda shi ne ma Sankara ya ƙaddamar da aikin gayya na shimfiɗa layin dogo daga Wagadugu a 1985, mutane suna ɗaukar ƙarafa da hannu, amma layin a Kaya ya tsaya, bai kai ko kusa da Tambawo ba. Zirin Agacher dai bai zama wurin haƙar gas ba har yau. Kuma ki tuna a wane lokaci aka yi yaƙin: bayan farin 1984, wanda ya karkashe dabbobin yankin ya jefa mutanensa cikin yunwa. Ƙasashe biyu da ke cikin mafiya talauci a duniya, masu karɓar taimakon hatsi, su ne suka ƙona mai da harsashi a kan wurin. Wannan ɓangaren na labarin yana ci mini rai duk lokacin da na tuna shi.

Sai wasiƙar wani ma'aikacin kotu daga Yola, wadda ta fi sauran tsawo. Ga gundarinta: "Yaya Kotun Duniya ta raba gardamar? Kuma shin irin hukuncin da aka yi mana a Bakasi ne?"

Malam, alƙalai biyar ne suka zauna, ƙarƙashin Mohammed Bedjaoui ɗan Aljeriya. Kowace ƙasa ta zaɓi alƙali ɗaya daga cikinsu. Ranar 10 ga Janairu, 1986 suka fara ba da umarnin wucin gadi cewa kowa ya janye, kada a ƙara taɓa juna, kada kuma a lalata wata shaida. Hukuncin kansa ya zo ranar 22 ga Disamba, 1986, saura kwana uku yaƙin ya cika shekara.

Ƙa'idar da suka bi ita ce wadda shugabannin Afirka da kansu suka amince da ita a taron Alƙahira na 1964: kowace ƙasa ta tsaya a kan iyakar da ta gada ranar da ta sami 'yanci. Saboda haka aikin alƙalan ba shi ne su tambayi wace ƙabila ta fi yawa a wurin ba, ko wa ya fi buƙatar ruwan. Aikinsu shi ne su gano inda layin yake a 1960. Suka shiga tonon tsofaffin takardun Faransa. Burkina ta fi dogara da taswirori, musamman wadda hukumar safiyo ta Faransa ta buga a 1960, da wata wasiƙa da gwamna janar ya aika wa gwamnonin Nijar da Sudan a watan Fabrairu na 1935 yana bayyana inda yake ganin iyakar ta bi. Mali kuma ta riƙe wata doka ta watan Nuwamba na wannan shekarar, wadda ta sa wasu ƙauyukan yamma ƙarƙashin gundumar Mopti. Kotun ta ce taswira ita kaɗai ba ta ba mutum ƙasa, bayani ce kawai da ake aunawa tare da sauran shaidu. Wannan magana har yau lauyoyi na kafa hujja da ita a shari'o'in iyaka.

Akwai wani abu da ya taso a zaman da zai ba ka sha'awa a matsayinka na ma'aikacin kotu. Lauyoyin Burkina sun tono wata hira da Traoré ya yi da 'yan jarida a watan Afrilu na 1975, inda ya ce Mali ƙasa ce mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan ɗaya, ba ta da dalilin yin yaƙi a kan ɗan guntun wuri, kuma ko da kwamitin sulhu ya ce iyakar ta ratsa ta cikin Bamako, gwamnatinsa za ta bi. Suka ce to ga shi ya ɗaure kansa da bakinsa. Alƙalan suka ce a'a, magana ce ta hira, ba alkawarin da shari'a za ta kama shi da shi ba. A shari'ance sun yi daidai. Amma mutumin da ya faɗi haka a 1975 shi ne ya tura jirage a 1985, kuma wannan ya isa ya nuna maka cewa ba ƙasar ce ta ƙara daraja cikin shekara goma ba.

Da aka gama, Mali ta sami ɓangaren yamma mai ƙauyukan noma, Burkina ta sami gabas, wajen kogin Beli. Kusan rabi da rabi. Wuri ɗaya da takardu suka gaza shi ne tafkin Sum. Babu wata doka ta Faransa da ta fayyace ta ina layin ya bi, sai alƙalan suka raba tafkin biyu daidai, kamar yadda dattawan gari ke raba gonar gado idan shaidu suka ƙare. Kuma ba su ne suka fara kawo wannan shawara ba. Tun 1965 jami'an gundumomin ɓangarorin biyu suka zauna suka amince a raba tafkin, gwamnatocinsu ne ba su tabbatar da abin ba. Waɗanda ke kusa da makiyayan sun riga sun ga mafita shekara ashirin kafin yaƙin Kirsimeti. Game da ƙarshen layin ta gabas, Mali ta ce ba za a iya tsayar da shi ba tunda Nijar ba ta cikin shari'ar. Kotu ta ce za ta nuna inda iyakar ƙasashen biyu ta ƙare, hukuncin kuma bai ɗaure Nijar ba. Sankara da Traoré duka sun rubuta wa kotun cewa sun karɓa.

Batun Bakasi kuwa, ƙa'idar ɗaya ce, sakamakon ne ya bambanta. A hukuncin 10 ga Oktoba, 2002, kotun ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 ta ba Kamaru tsibirin, duk da cewa masuntan da ke zaune a wurin yawancinsu 'yan Najeriya ne. A can akwai takarda ɗaya mai ƙarfi, don haka ba a yi rabo ba. Da wannan ma'aunin aka ba Chadi zirin Auzu a shari'arta da Libiya a 1994, aka ba Nijar tsibirin Lete a shari'arta da Benin a 2005, aka kuma ja layi tsakanin Nijar da Burkina a 2013. Na san da yawa daga cikinmu na jin ɗacin a ce takardar Bature ce ke yanke mana hukunci. Ni ma ina ji. Amma duk wanda zai ce a yar da ita, sai ya faɗa mana da me za a maye gurbinta a nahiyar da Hausawa kaɗai suke warwatse a ƙasashe da dama, balle Fulani.

Wani matashi direban babbar mota daga Birnin Ƙonni ya tambaya: "Yanzu da suka zama ƙawaye, yaya yankin yake?"

Ɗan'uwa, Allah ya kiyaye hanya. Tsakanin gwamnatocin biyu maganar iyakar ta mutu tun 1986. Su ma masu faɗan sun shuɗe: an kashe Sankara ranar 15 ga Oktoba, 1987, an kifar da Traoré a watan Maris na 1991, ya rasu a 2020. Masu mulkin yanzu ba su san yaƙin ba sai a labari. Assimi Goïta na Mali yana ɗan shekara biyu aka yi shi, Ibrahim Traoré na Burkina kuwa sai a 1988 aka haife shi. Yarjejeniyar Liptako-Gurma da ta kafa ƙawancen Sahel an sa mata hannu ranar 16 ga Satumba, 2023, shekara 40 cif daga ranar da Mali da Volta suka amince su tafi kotu.

Amma kai da ke bin hanya ka fi ni sanin halin da wurin yake ciki. Wannan yankin shi ne ake kira iyakoki uku, inda masu ɗauke da makamai suka fi ƙarfi a Sahel. Jibo, garin da jiragen Mali suka jefa wa bam a 1985, yana cikin ƙawanya tun 2022. Abinci ba ya shiga sai da ayarin motoci da rakiyar soja, ko ta jirgin sama. A watan Satumba na 2022 aka far wa irin wannan ayari a Gaskinde, aka ƙona motoci da dama, aka kashe sojoji da farar hula, cikinsu har da direbobi 'yan'uwanka. Ƙauyuka da yawa na bakin Beli sun watse, mutanensu na gudun hijira a Dori da Kaya da Wagadugu. Ƙasashen biyu sun yi yaƙi don a ce wurin nasu ne, kotu ta ba kowa rabonsa, amma shekarun da suka biyo baya ba su kawo wa mazauna wurin isassun hanyoyi da asibitoci da makarantu da alƙalan da za su raba manomi da makiyayi ba. Masu bindiga sun sami wannan giɓin a buɗe suka shiga. Alheri ne babba a ce sojan Mali da na Burkina yau gefe ɗaya suke, kuma muna fatan ya ɗore. Abin da mutumin lardin Udalan da na Sum ke jira shi ne ranar da zai kai shanunsa kasuwar Jibo ko Markoy ya dawo gida lafiya.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani yaro ɗan sakandare a Sakkwato: "Shi ne yaƙin iyaka mafi gajarta a duniya?"

A'a, ɗana. Masar da Libiya sun yi na kwana huɗu, daga 21 zuwa 24 ga Yuli, 1977. El Salvador da Honduras a nahiyar Amurka sun yi na kimanin awa 100 a watan Yuli na 1969, kuma duk gajartarsa ya ci dubban rayuka. Kusa da gida ma, a 1983 sojojin Najeriya da na Chadi sun yi arangama a kan wasu tsibiran tafkin Chadi, lokacin Muhammadu Buhari na kwamandan rundunar da ke Jos. Ka ci gaba da karatu, Allah ya yi maka albarka.

Lokaci ya cim mana. Wasiƙun da suka shafi tsibirin Lete da iyakar Nijar da Benin suna hannu, da su za mu fara a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.